Tafiyar Ƙarshe ta Sannu-Sannu

Akawu ya kai kofin shayi baki ke nan aka dirka wa ƙofarsa duka. Ya ajiye kofin a kan faranti, ya gyara wa cokali zama, sannan ya tashi yana tsaki. Ko da ya buɗe, sai ga Makanike tsaye, rigar jiya ce a jikinsa, idanunsa sun yi jawur.

"Malam Akawu, zo ka karɓe mu!" Ya faɗa da ƙarfi, don kunnensa ya daɗe da yin nauyi, shi kuma ya ɗauka kowa haka yake. "Muryar Kwandasta ta dishe, ni kuma ba na jin abin da Maigida ke cewa."

"In karɓe ku a me?"

"Eh, yanzu-yanzu," in ji Makanike. Ya juya ya tsallaka titi.

Akawu ya bi bayansa da kallo. Tun da ya yi ritaya daga ofis, matarsa kuma ta rasu, yake zaune shi kaɗai, kuma da hakan yake alfahari. 'Ya'yansa sun yi roƙo har sun gaji, ya koma wurin ɗayansu ko ya samo wanda za su zauna tare, ya ce Allah ya kiyaye. A ganinsa, babban gatan tsoho shi ne ƙofar da zai rufe. Inda ya ajiye tabarau nan zai same shi, ba mai taɓa masa rediyo, ba mai yi masa minshari.

Gidan da ke kallon nasa kuwa shi ne hujjarsa kullum. Tsofaffi uku ne a ciki, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a doguwar bas guda: direba, kwandasta da makanike. Da tsufa ya kama su, mata suka rigaye su, 'ya'ya suka watsu, sai suka tattara komatsansu suka tare a gida ɗaya. Akawu yana ce wa gidan makarantar kwana. Tun safe za ka ji su: wa ya sa silifas ɗin wani, wa ya bar famfo yana ɗiga, wa ya zabga gishiri a miya. Har yanzu kowa na riƙe da muƙaminsa. Kwandasta ne ɗan cefane da surutu, Makanike yana kwance abin da bai lalace ba don ya gyara, direban kuma shi ne Maigida, yana zaune bakin ƙofa yana raba faɗa. Shi ake kira Sannu-Sannu, saboda ko a hanyar da ba kowa bai taɓa yarda ya yi gudu ba. Samari sun sha zaginsa a kan haka, iyaye mata kuwa motarsa suke jira, don bai taɓa jin wa fasinja ko ƙwarzane ba.

Sannu-Sannun ne aka dawo da shi daga asibiti kwanan nan, likita ya ce a kai shi gida, abin da ya rage sai addu'a. Akawu ya je ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa, ya ga ya sauke hakkin maƙwabtaka. Yanzu dai ba yadda zai yi. Ya rufe shayinsa da faranti, ya kulle ƙofa, ya jijjiga kwaɗon don ya tabbata, ya tsallaka.

Ɗakin yana warin man zafi da sabulu. An buɗe taga, hasken hantsi ya kwanta a kan gadon ƙarfe. An tokare majinyacin da matasan kai, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito fili. Amma abin da ya tsayar da Akawu a bakin ƙofa shi ne hannayen. Suna miƙe a gabansa, a dunƙule, suna riƙe da abin da babu shi, suna ɗan juyawa hagu da dama. A ƙarƙashin bargo ƙafarsa ta dama tana dannawa tana saki. Idanunsa a buɗe, amma ba bango suke kallo ba.

Kwandasta yana zaune a kujera daf da kunnensa, ɗan guntun tsoho mai furfura, yana magana da abin da ya rage masa na murya.

"Kwana na gaba, Maigida. Rage wuta. Yauwa. Hanya taka ce."

A ƙarshen gado 'yar majinyacin tana zaune, mace babba da ta zo daga nesa tun jiya, ta riƙe kofin ruwa da ba a sha ba. Ta gaishe da Akawu, ta yi masa bayani ƙasa-ƙasa. Tun da hankalinsa ya fara gushewa ya hau tuƙi. Ya ɗauka bas ce cike da mutane. In akwai mai gaya masa hanya, yana natse. In aka yi shiru, sai ya firgita, ya yi ta fisge-fisge. Nas ta zo da safe ta ce in ta dawo da la'asar ta same shi haka, dole a mayar da shi asibiti, a ɗaure hannayen a yi masa allura.

"Kuma ya roƙi abokan nan nasa kada su bari a mayar da shi, Malam," ta ce. "Sun yi masa alkawari."

Kwandasta ya miƙe da ƙyar, ya nuna wa Akawu kujerar.

"Zauna ka riƙa gaya masa hanya. In ɗan kurɓi ruwan zafi in dawo."

"Wace hanya? Ni ko keke ban taɓa tuƙawa ba."

"Kowace iri. Kada dai ka yi shiru."

Akawu ya zauna a tsarge. Ya dubi hannayen nan suna karkarwa, ya ji tausayi ya kama shi, ya kuma ji haushin mutanen da ke biye wa marar lafiya a kan shirme. Shi mutum ne mai son a kira abu da sunansa. Sai ya sunkuya, ya tausasa murya.

"Malam, sannu. Sauke hannunka ka ɗan yi barci, ka ji?"

Da ya san abin da zai biyo baya, da ya haɗiye maganar. Sannu-Sannu ya zaburo har matashin kai ya faɗi ƙasa.

"Barci? Wane ne wannan? Wa ya ɗauko min shi?" Muryar da ake sa kunne kafin a ji ta ta cika ɗakin. "Mata da yara cike a baya, kana ce min barci? Kwandasta! Ina kake? Ba na ganin hanya!"

Numfashinsa ya sarƙe, ƙafarsa tana dukan ƙarfen gado. 'Yarsa ta saki kofi. Kwandasta ya faɗo ɗakin da ruwan zafi a gemu.

"Ga ni, Maigida, ga ni! Miƙe sosai. Ba kowa a gabanka. Fasinja ne, bai san kan abin ba."

A hankali hannayen suka koma wurinsu. Kwandasta ya juyo ya zuba wa Akawu ido.

"Haba, mai ilimi! Direba yana kan sitiyari ka ce masa ya yi barci? Ai gara ka zage shi."

Akawu bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya so ya tashi ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa, amma Kwandasta ya danna kafaɗarsa ya mayar da shi kan kujera.

"Ba inda za ka. Ce masa akwai gada."

"Akwai... akwai gada a gaba."

"Ƙunƙuntar?" in ji Sannu-Sannu, ba tare da ya waiwayo ba.

"Ita."

"To, bari babbar motar can ta fara wucewa."

Ƙafar ta ɗaga, hannayen suka tsaya cak. Akawu ya ga kansa shi ma yana jira, har ya riƙe numfashi. Can sai hannun majinyacin ya sauka gefe, ya tura giyar da babu ita, aka ci gaba.

Haka Akawu ya zama ɗan mota da furfurarsa. Da farko kalmomin suna fita a daddafe, daga baya bakinsa ya saki. Ya tuno hanyoyin da ya bi yana yaro, ya riƙa zubo su: garken shanu na tsallakawa, ga rami a dama, ga mai keke da kaya. Kowanne ya faɗa, sai direban ya amsa da jikinsa. Da ya ce akwai hawa, tsohon ya sauya giya, ya ranƙwafa gaba, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yana lallashin motar: "Daure, 'yar albarka, daure." Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, ga shi ya riƙe hannu a sama tun safe bai sauke ba. Akawu ya yi shekaru yana kallon tsohon nan a bakin ƙofa, yana ɗaukarsa ɗan tasha mai hayaniya, bai san abin da ke cikinsa ba. Ciwo ya ƙwace masa nama, ya ƙwace masa sanin inda yake, amma ya kasa ƙwace masa tsoron kada ran wani ya salwanta a hannunsa.

"Sabon yaro ne?" Sannu-Sannu ya tambaya.

"Sabo ne, Maigida," in ji Kwandasta daga bakin ƙofa.

"Zai iya. Yana dai da tsoro."

'Yarsa ta sake ɗebo ruwa, ta matso da cokali.

"Baba, ni ce. Ɗan kurɓa ko kaɗan."

"Baiwar Allah, koma ki zauna. Ba a tsayuwa mota na tafiya."

Ta koma ta zauna, ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta.

Bayan azahar Kwandasta ya karɓi kujerarsa. Akawu bai tafi ba. Ya jingina da bango yana saurare, har ya manta da shayin da ya rufe. Numfashin majinyacin ya fara ja da nisa, hannayen suna saukowa, yana sake ɗaga su da ƙyar. Can fuskarsa ta ɗan washe.

"Ga dogayen bishiyoyin bakin gari can," ya ce. "Mun kusa."

"A'a, Maigida, da saura," Kwandasta ya amsa da sauri. "An rufe hanyar. Gyara ake yi. Sai mun zaga ta baya."

Sannu-Sannu ya yi ajiyar zuciya, ya karya sitiyari. Aka yi ta tafiya. Da aka jima ya sake hango bishiyoyin, Kwandasta ya ce ruwa ya cinye gada, sai an koma ta tsohuwar hanya. Tsohon bai yi musu ba, amma hawaye ya gangaro masa ta gefen ido, na gajiya zalla.

Akawu ya yafito 'yar ta zauna a kujerar, ya gaya mata ta riƙa cewa gaba lafiya. Ya ja hannun Kwandasta zuwa tsakar gida, inda Makanike ke zaune a kan bokiti yana goge wata tsohuwar fitila da ba ta buƙatar guga.

"Me ya sa kake hana shi isa?" Akawu ya tambaya.

Kwandasta ya kau da kai. Makanike bai ji tambayar ba, amma ya ga fuskokinsu ya gane.

"Na gaya masa tun jiya!" Ya ɗaga murya, sannan ya tuna, ya rage ta yadda ya iya. "Malam Akawu, Maigida ba ya tsayawa sai wannan ya bugi jikin mota sau biyu. Haka suke aiki tun muna samari. Ko a tsakiyar tasha yake, in bai ji bugun ba, ba zai kashe inji ba, don bai san ko wani na sauka ba. Jiransa yake yi."

"Rufe mana baki, kurma," in ji Kwandasta. Ya zauna a bakin rariya, ya dafe kai. "In na buga, kun san abin da zai faru. Ni zan sallame shi ke nan. Kullum da safe shi ke ce min, kai gajere, ka cika surutu. Gobe wa zai ce min? Ku bar ni in ƙara masa hanya ko kaɗan ce."

Abin da Akawu ya ji a ransa ya ba shi mamaki, don kishi ne. Ya tuna ɗakinsa, komai a wurinsa, ya tambayi kansa wa zai yi masa ƙaryar an rufe hanya don kada ya tafi.

"Baffa."

'Yar ce a bakin ƙofa. Ta ji komai, don ba a yin sirri a gidan da Makanike yake.

"Baffa, Baba ya gaji," ta ce wa Kwandasta. "Nas tana hanya. In ta zo za su ɗaure masa hannu, ya ƙare yana ganin mota ta ƙwace masa da mutane a ciki. Don Allah ka kai shi tasha."

Daga ciki suka ji muryar tsohon ta fara tashi, yana kiran Kwandasta. Kwandasta ya share fuska da hularsa, ya mayar da ita kai, ya daidaita ta. Makanike ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Suka shiga su duka.

"Ga ni, Maigida. An buɗe hanya. Miƙe."

"Bishiyoyin ne?"

"Su ne. Ga gidan mai a dama. Rage wuta, 'yan makaranta na tsallakawa."

"Na gan su."

"Ga kasuwa. Bi a hankali, mai kura na gabanka. Yauwa. Karya hagu. Ga ƙofar tasha a buɗe, wurinka na nan ba wanda ya shiga."

Hannayen suka juya a hankali, suka dawo daidai. Ƙafar ta danna, ta tsaya a danne. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin famfon tsakar gida yana ɗiga. Sannu-Sannu yana jira, ya ɗan karkata kai gefe. Kwandasta ya ɗaga tafin hannunsa a kan ƙarfen gado. Makanike ya dafa masa baya. Kwandasta ya buga, ya sake bugawa.

Akawu ya ga kafaɗun tsohon sun sauka, kamar wanda aka sauke wa buhu.

"Kowa ya sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Maigida."

"Duba baya. Yara kan yi barci a kujerar ƙarshe."

Kwandasta ya waiwaya da gaske, ya dubi bayan ɗakin, inda babu komai sai akwati da sandar tafiya.

"Na duba. Ba kowa. Sai mace ɗaya da ke son ta gaishe ka."

'Yar ta durƙusa a gefen gado.

"Sannu da hanya, Baba. Mun iso lafiya."

Ya juyo da kai. Idanun da suka wuni a kan hanya suka sauka a fuskarta, suka tsaya.

"Uwata," ya ce. "Ashe kina ciki?"

"Ina ciki, Baba. Tun farko."

"Da na sani ai da kin zauna gaba."

Ya miƙa yatsu biyu, ya murɗa makulli a iska. Sannan ya sauke hannayensa a kan bargo, ya buɗe tafukan. 'Yar ta kama ɗaya, Makanike ya kama ɗayan. Kwandasta ya sunkuya kunnensa yana maimaita masa kalmar shahada da dishasshiyar murya, leɓɓan tsohon suna bi. Sannu-Sannu ya ja numfashi mai tsawo ya saki, suka jira na gaba, bai zo ba.

Akawu ya sha ganin gawa, amma bai taɓa ganin mutum ya gama aikinsa ya tafi haka ba. Ya zame ya zauna a ƙasa, yana salati, hawaye na zuba bai damu ya share ba. Makanike ne ya rufe wa mamacin ido, ya ja bargo ya daidaita masa, ya ce da ƙarfi kamar kullum, "Allah ya jiƙanka, Maigida."

Da Nas ta iso da jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi fuskar, ta mayar da abin da ta fara cirowa. Maƙwabta suka fara shigowa. 'Yar ta shiga kiran dangi a waya. Aka ce tsofaffin su fita su sha iska kafin a gama shiri, don sun yi kwanaki ba su runtsa ba.

Suka zauna a bencin ƙofar gida, Akawu a tsakiya. Rana ta yi sanyi, inuwar gidan ta kai tsakiyar titi. Akawu yana niyyar ya ce bari ya leƙa gida ya dawo, sai ya ji nauyi a kafaɗarsa ta dama. Makanike ne barci ya kwashe, baki a buɗe, har ya fara minshari. Bai jima ba kan Kwandasta ya gangaro ta hagu, hularsa ta zame ta faɗa a cinyar Akawu.

Wata maƙwabciya ta fito da tire za ta yi magana. Akawu ya ɗora yatsa a baki. Kafaɗarsa ta fara sagewa, bai motsa ba.